Ƙaramin ofishi ko inuwar babban kamfani: me mai jari zai samu?

Malam, ka ce mutanen da ke ba ka shawara kan jarinka sun aiko da takarda cewa sun koma ƙarƙashin wani babban kamfani, kana tambaya ko kai ma za ka ƙaru, ko su kaɗai gaba ta kai. Za ka ƙaru, amma ba ta kowace fuska ba.

A ƙaramin ofishi, wanda ke zama da kai shi ke karanta rahoton kamfanoni, shi ke cike takardun hukuma, wata rana ma shi ke fama da kwamfuta in ta ƙi tashi. Rabin yininsa a nan yake tafiya. A babban kamfani kuwa kowane aiki da mai shi: masu bincike kan hannun jari, lauyoyi, masana haraji da tsarin gado, masu tsare bayanai daga ɓarayin intanet. Ran da ka zo da maganar sayar da kasuwancinka, mai ba ka shawara ba zai ce ka ba shi mako biyu ya nemo wani ba, waya kawai zai ɗaga. Haka in ya kwanta ciwo ko ya yi ritaya, fayil ɗinka na hannun wanda zai ci gaba. Ofishin mutum uku kuwa, in babbansu ya faɗi, sau da yawa shi ke nan.

Abin da na fi ba nauyi shi ne sa ido. Bernard Madoff, Ba'amurken da ya damfari masu zuba jari, wanda asirinsa ya tonu a Disambar 2008, shi ke juya kuɗin mutane, shi ke ajiye su, shi ke buga musu takardar bayanin asusu. Babu wanda ke gefe yana ƙirgawa. Babban kamfani yana da sashe guda da aikinsa ke nan, duba abin da ma'aikata ke yi da asusun jama'a. Sai dai a faɗi gaskiya, ƙaramin ofishi na kirki ma ba ya riƙe kuɗinka, yana ajiye su ne wurin wani kamfani dabam irin su Fidelity ko Charles Schwab. In haka naka suke yi tun da, to a nan kusan kunnen doki ne.

Inda ƙaramin ya yi zarra shi ne 'yanci. Ba shi da hajar kansa, duk asusun zuba jarin da ya ga ya dace da kai shi zai nuna maka. Babban kamfani yana da nasa, kuma la'adarsa a cikinsu ta fi tsoka. Matsin a sayar ba wasa ba ne: a 2016 an ci bankin Wells Fargo na Amurka tarar dala miliyan 185 saboda ma'aikatansa sun yi ta buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba, don su cika adadin da aka ɗora musu. Girma kuma ba ya hana faɗuwa, bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe a 2008, bankin Credit Suisse na Switzerland sai da bankin UBS ya haɗiye shi a 2023. Ga shi in jarinka bai taka kara ya karya ba, ana iya mayar da kai layin waya, kullum sabuwar murya.

Kada ka ji nauyin tambayar masu ba ka shawara ko an biya su kuɗi don su koma da kwastomominsu. Ana yin haka sosai, ba laifi ba ne, amma ya kamata ka sani. Kafin ka sa hannu, ka ajiye tsohuwar takardar kuɗin hidima kusa da sabuwa ka bi su layi-layi, sannan su rubuta maka ko sauya gidan zai sa a sayar da wani abu cikin jarinka, domin sayarwar na iya jawo maka haraji.