PS4 ta hannu bayan wata bakwai: kullen yanki da maganar shekaru

Bayan ƙaramar Sallah na sayi PS4, wato na'urar gem ta PlayStation 4, ta hannu a wani shago a nan Birnin Kebbi, don yaran gidanmu su rage zaman gidan gem. Daga Amurka ta zo. Ni da na tashi a zamanin PS2, tambayata ta farko ita ce ko za ta ci kowane faifai. Wanda ya san wancan zamani ya san dalili. PS2 ta Amurka ba ta karɓar faifan Turai ko na Japan sai an kai ta an sa mata cip, wani lokaci hoton ya fito fari da baƙi a talabijin ɗinmu, kuma manyan nan na farko wutar 120 suke sha, ka jona su kai tsaye da Nepa ka ji ƙauri.

A nan PS4 ta burge ni. Tana ɗaukar wuta daga 100 zuwa 240, kuma faifan gem na kowace ƙasa yana yi. Wani ɗan'uwa da ke safara ta Kamba ya kawo mana faifai uku daga Yamai, 'yan Faransa, muka sa, suka tashi lafiya lau. Fanka dai tana ƙara kamar injin markaɗe idan zafin Kebbi ya tsananta, amma ba ta taɓa mutuwa ba.

Ashe kullen bai tafi ba, wuri ya sauya. Yanzu yana cikin akawun. Da na zo buɗewa ban ga Najeriya a jerin ƙasashe ba, Afirka ta Kudu na gani, sai yaron shagon ya ce in zaɓi Amurka kamar kowa. Bai gaya min cewa ƙasar da ka zaɓa ba ta sauyuwa ba, ni ma ban tambaya ba. Na sayi katin dala 20, na biya kuɗin ƙarin motoci na wani gem ɗin tsere, na ƙona data na sauke, gem ɗin ya yi kamar bai san da su ba. Faifan na Turai ne, ƙarin kayan na Amurka. Suna ɗaya, amma lambar CUSA da ke jikin kwalin daban take, kuma sai sun dace. Katin kuɗi ma haka, na fam ba ya shiga akawun ɗin dala. Wautata ce, na haɗiye. Yanzu akawun biyu gare ni, na Amurka da na Ingila, kuma kafin in sayi komai sai na juya kwali na duba.

Juya kwalin ne ma ya kai ni ga abin da ya fi damuna. Wata rana na dawo daga aiki na tarar da ɗan yayata, shekararsa 11, yana fizgo mutum daga mota yana dukansa. Gem ɗin GTA V ne, ya aro wurin abokinsa. A ƙasan kwalin ga 18 cikin jan akwati ɓaro-ɓaro.

Na ce, “Kai, ba ka ga wannan lambar ba?”

Ya ce, “Kawu, ai na zaci lambar faifan ce.”

Ban ga laifinsa sosai ba, ni kaina sai lokacin na zauna na koya. Faifan Turai na ɗauke da tambarin PEGI, tsarin nuna shekarun da gem ya dace da su, da aka fara a 2003: 3, 7, 12, 16, 18. A bayan kwali akwai ƙananan zane, dunƙulen hannu na nufin faɗa, allura na nufin ƙwaya, gizo-gizo na nufin ban tsoro. Na Amurka haruffa ne na hukumar ESRB, wadda aka kafa a 1994 bayan ce-ce-ku-cen da jinin Mortal Kombat ya jawo har majalisar dattawansu. E na kowa, T na matasa, M daga 17. Wannan M ita ce tarko gare mu, domin uba zai kalle ta bai ga komai ba. Kuma ma'aunin nasu ne. Suturar da suka ce ta yi wa ɗan shekara 12, ba lallai ka yarda a kunna ta a falo gaban Hajiya ba.

Na'urar tana da wurin taƙaita shekaru, kuma yana aiki da kyau: faifan 18 ya ƙi buɗewa, idan ka yi wa yaro akawun nasa har lokacin wasa kana iya yanke masa. Sai dai a buɗe take zuwa. Kullen da ke tsare kuɗi ba ya jiran ka kunna shi, wannan kuwa sai ka nemo shi da kanka cikin saiti, da Turanci. Na kunna, na manta ban sauya lambar sirrin da ta zo da ita ba, 0000. Kwana biyu yaron ya gano.

Zan sake saye? Ƙwarai, musamman don ƙwallo, wadda PEGI ta ba 3. Na sauya lambar, faifan GTA ya koma wurin mai shi. Shekaranjiya na bi ta bayan kasuwa na hango mutumina a gidan gem, fad ɗin wasa a hannu, yana tuƙa motar 'yan sanda. Mai gidan ya gaishe ni, ya tambaya ko in sa masa ƙarin minti talatin.