Tayoyi huɗu daga Legas, biyu sun girmi 'yan'uwansu da shekara uku da rabi

Corolla ce gare ni, ƙirar 2010, kuma ba ta ado ba ce. Kusan duk ƙarshen mako sai na taka ta daga Birnin Kebbi zuwa Yauri wurin tsohuwata, ta Jega da Koko, in juyo ranar Lahadi da la'asar. Wanda ya san hanyar nan a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 kwalta tana turiri, ba sai an gaya masa darajar taya ba. Tun da na mallaki motar na sayi taya a sito, na saya ta intanet, na kuma saya a shagon cikin gari. Ta intanet ɗin ce ta fi ba ni labari, don haka da ita zan fara.

A farkon 2024 tayoyina huɗu suka suɗe kusan lokaci guda. Naira kuwa ta sha ƙasa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, ga shi tayar mota daga waje take shigo mana. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Ikeja a 2008, tun daga nan duk rawar da dala ta taka sai taya ta taka. Da mai shagon da na saba da shi ya faɗi kuɗin guda huɗu, sai da na ja benci na zauna.

Daren nan na raba shi ina latsa waya. Na leƙa Jumia da Konga da Jiji don in san yadda kasuwa take, amma a ƙarshe wurin wani dila na Legas mai shafin kansa na tsaya. Ba zan kama sunansa ba. Gaskiya shafin ya burge ni: ka rubuta lambar tayarka, tawa 195/65 R15, sai ga iri-iri sun jeru, daga su Michelin da Bridgestone har zuwa 'yan Sin masu sauƙin kuɗi. A nan ma na fara gane abin da lambobin ke nufi, bayan shekaru ina karanta su kamar laya. 195 faɗin taya ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, 15 kuma girman wili a inci. Ita kuma 91H da ke biye, 91 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615, H kuma gudun da ba zai wuce kilomita 210 a awa ba. Na zaɓi wata mai matsakaicin kuɗi, na ga ragin naira dubu 8 a kan kowace idan aka kwatanta da na gida. Dubu 32 ke nan. Na tura kuɗi ina jin kaina ɗan birni.

An ce kwana huɗu, sai da aka yi tara. Ban ga laifinsu sosai a nan ba, don kaya daga Legas sai sun bi Ilori da Jebba da Mokwa da Kwantagora kafin su iso mana. Direba ya kira ni daga tasha, na biya kuɗin mota, na sallami yaran da suka sauke, na ɗauki Keke Napep zuwa wurin Baba mai faci.

Tayoyin sun zo a naɗe cikin leda mai ƙyalli, gwanin sha'awa. Baba bai ko kalli ƙyallin ba. Ya sa wuƙa ya farke ta farko, ya mirgina ta, ya juya ɗaya gefen, ya tofa yawu a babban yatsa ya murza wani ɗan wuri mai kama da ƙwai kusa da bakin tayar. Haka ya yi wa huɗun ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan ba, sannan ya ware biyu ya jingina su da bishiyar dogonyaro.

"Mi kag gani, Baba?"

"Malam, waɗanga biyu lahiya lau. Amma wagga da wagga sun kwan biyu a duniya. Duƙa ka duba da kanka."

Na duƙa. A jikin kowace taya akwai jerin haruffa da ke farawa da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Sau da yawa gefe ɗaya kawai ake buga su, shi ya sa Baba ke juyawa. Biyu na ɗauke da 3823, wato mako na 38 na 2023. Biyun da ke jingine da bishiya kuwa 1120. Mako na 11 na 2020, watan Maris, daidai lokacin da ake shirin kulle gari saboda korona. Ga mu a Fabrairun 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana shelar cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙera ta, ke nan na sayi sababbin tayoyin da saura wata guda jami'i ya tare ni a hanyar Jega ya ce sun mutu.

Na kira dilan. Bai yi faɗa ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce: tayar da ba ta taɓa taka ƙasa ba, in an adana ta a inuwa, ba ta lalacewa a shekara huɗu. Michelin da kanta cewa take a riƙa duba taya duk shekara bayan ta kai biyar, a sauya ta in ta kai goma. Na yarda da wannan. To amma wa ya nuna mini inda suka kwana shekara huɗun nan, ƙarƙashin rufi ne ko cikin kwantena a rana? Roba bushewa take, zafi kuma shi ke hanzarta ta, kuma ni kuɗin sabuwa na biya. Ya amince zai musanya, da sharaɗin kuɗin mota zuwa da dawowa a wuyana.

Da na zauna da biro, ga abin da ya fito: kawowa dubu 14, tasha da Keke dubu 3, ɗaurawa da sababbin bawul dubu 6, mayar da biyu dubu 8, dawo da madadinsu dubu 8. Dubu 39, a kan ragin dubu 32. Garin neman gira na rasa ido, kuma mako uku cur, biyu daga ciki a motar haya na je Yauri. Madadin dai sun zo 'yan 2023, kuma tsakani da Allah tayoyi ne masu kyau, ban taɓa kuka da su ba. Laifina a ciki shi ne ban ce a turo mini hoton lambar kowace taya kafin in tura kuɗi ba. Minti biyu ne a WhatsApp.

Sito kuwa shi ne mafi arha da na taɓa gani. A 2021 mu huɗu a wurin aiki muka haɗa kuɗi muka je Kano da Hilux ɗin ɗayanmu, muka ɗauki guda 16 a farashin sari. Tayoyi jibge har rufin kwano, warin roba na hawa kai, ka zaɓa da hannunka. Yaron siton ne ya nuna mini kalmar zafi da ake rubutawa a gefen taya da harafin A ko B ko C a gabanta, ya ce mutumin Kabi kada ya yarda da C. Ya kuma koya mini shafa bakin taya in ji ko ya lanƙwashe, saboda masu fasa-ƙwauri na cusa taya cikin taya don su rage kuɗin kwastan, abin da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kamawa. Sai dai wannan farashin ba na mai sayen ɗaya ko biyu ba ne, ba sa ɗaurawa, kuma da tayar abokinmu ta yi ƙulli a gefe bayan wata biyu, ba wanda ya yi sha'awar sake bin hanyar Gusau da Funtuwa saboda taya guda. Haƙuri ya yi.

Wani ƙanena da ke Amurka dariya ya yi mini. A can, in ji shi, manyan kantunan sari irin Costco kana biyan kuɗin zama mamba na shekara, su sayar maka, su ɗaura, su daidaita, su riƙa juya maka tayoyin lokaci-lokaci, masu sayarwa ta intanet kuma kai tsaye garejin unguwarku suke aikawa. Na ce masa a nan Baba da wuƙarsa su ne duk wannan tsarin.

Shi ma shagon gari ba waliyyi ba ne. Ya fi tsada, zaɓi kaɗan ne, kuma abin da ke ƙasa shi za a tallata maka: ka nemi 195 a ce ai 205 ma tana shiga. A bayan shago akwai 'yan Beljiyam da aka shafe da mai suna sheƙi, duk da cewa tsohuwar tayar mota na cikin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, kuma na taɓa ganin wadda aka sake yanka wa zane da ƙarfe mai zafi. Tsohon ajiya ma ana samu. Yaran shago kuma in ba ka tsaya a kansu ba sai su ɗura maka iska 45, alhali takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direban motata ba ta kai 35 ba. Bambancin dai, duk wannan a gaban idonka yake faruwa, kuɗinka na aljihu.

Bayan damina ta wuce na faɗa wani rami kusa da Koko, gefen tayar gaba ya tsage, irin tsagar da faci ba ya yi wa magani. Da safaya na lallaɓo gida, washegari kuma akwai tafiya Argungu. Na je shagon, na buɗe waya na nuna wa mai shi farashin Legas. Ya karɓa ya ƙura ido, ya miƙo mini.

"Yallaɓai, to ita wagga ta cikin waya, yau za ta kai ka Argungu?"

Muka yi dariya, ya rage dubu 4. Na ce a farke leda tukuna. Yaro ya kawo ta farko na duba na ce a mayar, ya kawo ta biyu 'yar bana. Aka ɗaura da sabon bawul kyauta, na ba da rabin kuɗi, ya rubuta sauran a bayan wani tsohon littafin rasit zuwa ƙarshen wata. Kafin a kira azahar na wuce Ambursa.