Daga Niyok zuwa Orlando da iyali cikin hunturu: wace hanya, wane wurin wasa, wane masauki?

Da Disamba ta kama a unguwar Bronx ta Niyok, kafin biyar na yamma gari ya yi duhu, sanyi ya hana yara leƙa waje, sai maganar da ake ta ɗagawa tun bazara ta dawo: “Baba, yaushe za mu Disney?” A wannan lokaci ne magidanta da yawa cikinmu suke fara lissafin tuƙa mota zuwa Orlando a jihar Fulorida, inda wuraren wasan kamfanonin Disney da Universal suke. Na yi tafiyar da iyalina, mu shida, kuma abin da nake so duk mai niyya ya riƙe shi ne, kafin ya biya ko kwabo ya auna mutum biyu: autan gida da direba. Tsayin auta ne zai zaɓa muku wurin wasa, ƙarfin direba kuma shi zai zaɓa muku hanya.

Dalilin da ya sa ake nausawa har Fulorida a fili yake. Manyan wuraren wasa na arewa, irin Six Flags da ke New Jersey, suna rufewa idan sanyi ya yi tsanani, Dollywood na Tennessee ma yana rufewa daga farkon Janairu har cikin Maris. A Orlando kuwa, Janairu da rana yanayin yana kusa da digiri 22 a ma’aunin Salshiyas, da dare ya sauko wajen 10, kuma lokacin guguwa ya wuce tun ƙarshen Nuwamba. Sai dai in hutunku bai kai mako guda cur ba, ina ba ka shawara ka haƙura da wannan tafiya. Ka kai yara Nickelodeon Universe da ke cikin katafaren kantin American Dream a New Jersey, wanda yake a rufe cikin gini, ku yini ku kwana gida. Tafiyar Orlando kwana huɗu take ci a hanya kaɗai, zuwa da dawowa.

Ranar tashi kuma ita ce ta fi komai taɓa aljihu. Disney da Universal duka suna sayar da tikiti ne bisa kwanan wata. Makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne mafi tsada da cunkoso, tikitin rana ɗaya na Magic Kingdom, ɗaya daga wuraren wasan Disney, yana kai wa wajen dala 200 ga mutum guda, kuma ko a ranar da ta fi sauƙi ya haura dala 100. Tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu ya fi sauƙi, in ka kauce wa ƙarshen makon tseren gudun Disney a farkon wata da hutun Martin Luther King a Litinin ta uku, amma lokacin yara suna makaranta. Saura hutun tsakiyar Fabrairu na makarantun Niyok, shi kuma yana iya haɗuwa da azumi, sai a duba kalanda tun da wuri. Matafiyi yana da rangwamen ajiye azumi, amma ba kowa ne zai so ya ƙarar da kwanakin Ramadan a layin lilo ba. Wanda dole ta sa shi zuwa ƙarshen Disamba, ya sayi tikiti da masauki watanni kafin nan.

Yanzu hanyar. Daga Niyok zuwa Orlando ta babban titin I-95 kusan mil 1,080 ne, awa 16 zuwa 17 na tuƙi zalla, ban da shan mai, sallah, abinci da bayan gida. Da yara a mota, ka lissafa awa ashirin. Na san da yawa cikinmu tasi suke tuƙawa, sun saba da awa goma sha biyu a kan sitiyari, suna ganin za su iya tashi da magariba su miƙe har safe yara na barci. Ina roƙonka kada ka yi haka. Tuƙin cikin gari yana da danja da fasinja da ke farkar da kai, titin Carolina kuwa da ƙarfe uku na dare miƙaƙƙe ne, duhu ne, babu abin da ke motsi, gyangyaɗi kuma ba ya sallama. Ko kun isa lafiya, ranar farko ta lalace, domin direba barci zai yini yana yi alhali an riga an biya tikiti.

A raba tafiyar biyu. Ku yi asuba a gida ku tashi, yadda za ku ratsa Baltimore da Washinton bayan cunkoson masu zuwa aiki ya lafa, in Asabar ce ko Lahadi ma ya fi. Fayetteville a North Carolina kusan rabin hanya ne. In akwai direba na biyu, ku ƙara har Florence a South Carolina, sai kashegari ya zama saura mil ɗari huɗu da ’yan kai. A South Carolina mafi yawan titin layi bibbiyu ne kawai, hatsari ɗaya sai ya tsayar da kowa, musamman lokacin hutu. Daga Savannah zuwa Jacksonville hanya ta buɗe, a Daytona Beach ku karkata kan I-4, wanda shi ma yana cushewa da yamma. Na’urar E-ZPass da kake amfani da ita a Niyok tana aiki a tolget ɗin Fulorida, a dai tabbata akwai kuɗi a cikinta.

Waya za ta iya nuna maka wata hanya ta I-81 da I-77 don kauce wa Washinton da kuɗin tolget. Da bazara hanya ce mai kyau. Da hunturu kuwa duwatsu ne, da hazo mai kauri a gangaren Fancy Gap, da manyan tireloli. Ni ba zan bi ta da yara a Janairu ba.

Kada kuma a ɗauka I-95 ba ta da nata haɗarin. Ranar 3 ga Janairun 2022 dusar ƙanƙara ta rufe ta a kusa da Fredericksburg a Virginia, mutane suka kwana cikin motoci, wasu sama da awa 24, har da Sanata Tim Kaine. A Janairun 2025 dusar ta sauka har Savannah da arewacin Fulorida. Jihohin kudu ba su da motocin share titi da gishiri kamar na arewa, don haka dusar da ba za ta hana Niyok fita aiki ba tana iya rufe musu hanya kwana biyu. Shi ya sa nake cewa duk ɗakin otal ɗin da za ka kama a hanya ya zama wanda ake iya sokewa ba hasara, ko da ya ɗan fi tsada. Ka riƙa duba hasashen yanayi tun kwana uku kafin tashi, kuma ka shirya ranka cewa za ka iya gabatar da tafiyar ko jinkirta ta da kwana guda.

Akwai zaɓi na biyu da mutanenmu ba su cika sani ba, wato Auto Train, jirgin ƙasan kamfanin Amtrak mai ɗaukar fasinja da motocinsu. Kana tuƙawa zuwa Lorton, kudu kaɗan da Washinton, a loda motarka cikin tarago, ku shiga jirgin da yamma, ku wayi gari a Sanford, kusa da Orlando. Mil 855 yake ɗauke maka cikin kusan awa 17. Ana biyan kuɗin mota daban, na kowane fasinja daban, ɗakin kwana kuma ya fi kujera tsada sosai. Ba a zuwa wurin mota har a sauka, saboda haka magani da kayan jariri da abin sallah su kasance a hannu. Abu biyu za ka auna. Na farko, da hunturu tsofaffin da ke ƙaura kudu gudun sanyi suna cika jirgin mai tafiya Fulorida, sai kuɗinsa ya hau, mai dawowa arewa yakan fi sauƙi a lokacin. Na biyu, jirgin yana rage maka tsawon hanya ne, amma mil 250 na tsakanin Niyok da Lorton, inda dusar ta fi sauka, kai za ka tuƙa. Ga gidan da direba ɗaya ne, na fi ganin a tuƙa wajen zuwa da sauran ƙarfi, a hau jirgi wajen dawowa sanda kowa ya jigata.

Jirgin sama kusan awa uku ne, kuma in ku uku ne ko huɗu, sau da yawa shi ya fi. Daga mutum biyar zuwa sama lissafi yake juyawa: mota mai layin kujeru uku za ta sha kusan galan 90 zuwa da dawowa, ka ƙara otal na dare biyu da tolget, har yanzu bai kai tikiti shida da kuɗin jakunkuna da hayar mota a can ba. Ga shi kuma za ku ɗauki tukunya da garin tuwo da yajinku.

To, wane wurin wasa? A nan ne ake asarar da ta fi ciwo. Ka tsayar da kowane yaro jikin bango da takalminsa, ka auna shi da inci, domin a bakin kowane babban lilo akwai ma’auni, kuma ma’aikatan ba sa ɗaga ƙafa ko da rabin inci ne. Na taɓa ganin yaro yana kuka kamar ransa zai fita bayan an mayar da shi a gaban yayyensa, abin ya tsaya mini a rai har yau.

Walt Disney World, wanda aka buɗe a 1971, wurare huɗu ne: Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom. In yaranka ƙanana ne, Magic Kingdom ne ya fi yawan abubuwan da ba sa neman tsayi, ko da yake lilon Space Mountain sai mai inci 44. Yaron da bai cika shekara uku ba ba ya biyan tikiti. Ni dai Animal Kingdom ne ya fi kwanta mini. Ana ɗaukar ku a babbar mota a ratsa daji, ga giwa, ga raƙumin dawa, ga karkanda, ga zaki a kan dutse, kuma da sanyin safiya dabbobin sun fi fitowa. Akwai kukoki a hanyar, na siminti ne aka ƙera, amma a nan na samu damar gaya wa ’yata cewa daga ganyen irin wannan bishiya ake miyar da take sha a gida. A EPCOT akwai sashen Maroko da aka buɗe a 1984, wanda Sarki Hassan na Biyu ya aiko da magina suka ƙawata.

Universal kuwa na matasa ne. Yana da Universal Studios, Islands of Adventure, da Epic Universe da aka buɗe a Mayun 2025. Manyan lilonsa masu gudu a kan dogo suna neman inci 48 zuwa 54, VelociCoaster kaɗai sai 51. In duk yaranka sun wuce shekara goma, nan za su fi jin daɗi, kuma kwana uku sun isa. In akwai ɗan shekara huɗu, uwa ce za ta yini tana riƙe da shi tana jira. Duka kamfanonin biyu suna da tsarin da iyaye ke karɓa-karɓa ba tare da sake bin layi ba, a tambaya a bakin ƙofa, amma wannan ba ya mayar wa ƙaramin da kuɗin tikitinsa.

Legoland da ke Winter Haven, kusan awa guda daga Orlando, an gina shi ne don ’yan shekara 2 zuwa 12. Ya fi sauƙin kuɗi da layi, ana gama shi a yini ɗaya ko biyu. Gidan da babban yaronsu bai wuce takwas ba, kwana biyu a Legoland da ɗaya a Magic Kingdom ya fi musu kwana biyar a Disney.

Kada a haɗa Disney da Universal a tafiya ɗaya sai in kwanaki sun yi yawa, domin rangwamen yana cikin tikitin kwanaki da yawa na kamfani guda. Ƙarin kuɗin tsallakawa daga wannan wuri zuwa wancan a rana ɗaya ba shi da amfani ga mai ƙananan yara. Haka tikitin wuraren wasan ruwa, da hunturu sukan rufe idan iska mai sanyi ta sauko. Kuɗin tsallake layi kuwa, wanda Disney ke kira Lightning Lane, Universal kuma Express, a makon Kirsimeti ya cancanta, a tsakiyar Janairu isa ƙofa kafin a buɗe ya wadatar.

Masauki iri biyu ne. Otal ɗin cikin Disney yana ba ku damar shiga minti 30 kafin sauran jama’a, da motocin kai-komo, da fakin kyauta, wanda ga na waje ya kai dala 30 ko fiye kowace rana. Sai dai ɗakunan masu sauƙi mutum huɗu suke ɗauka, mu masu yara da yawa sai babban ɗaki irin na Art of Animation, ko na Cabana Bay da Endless Summer a Universal, masu ɗaukar shida. Tunda da motarka ka zo, ni gidan haya a Kissimmee ko Davenport, garuruwan da ke kusa da Disney, na fi so: ɗakuna uku, kicin, injin wanki, wurin shimfiɗa darduma a yi jam’i. A dai duba jimillar ƙarshe bayan an sa kuɗin shara da haraji, kuma ɗumama ruwan wurin iyo kuɗinsa daban ne. Disney yana barin a shiga da abinci daga waje in ba cikin kwalba ba, don haka dafa-duka a kula tana raba ku da tsada da kuma shakkar nama. Kada a ɗauka abincin sashen Maroko halal ne don sunan kawai, a tambaya. Akwai gidajen abincin halal da yawa a International Drive da Kissimmee, masallacin Islamic Center of Orlando kuma yana kusa da Disney ga mai son Juma’a.

Mako guda kafin tashi a kai mota gareji a duba batir, birki, tayoyi da ruwan wanke gilashi wanda ba ya daskarewa. Bargo, ruwan sha, tocila da abin cajin waya su zauna kusa da hannu, kada a danne su ƙarƙashin akwatuna. Daga Richmond zuwa arewa kada mai ya sauka ƙasa da rabin tanki. In dusa ta tsayar da ku kuna kunna injin don ɗumi, a fita a share bakin salansa, saboda hayaƙin da ke komawa cikin mota yana kisa ba tare da wari ba. Yaro kuma a cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure shi a kujerarsa, a lulluɓe shi da ita daga sama, don bel ɗin ya kama jikinsa sosai.

Wajen dawowa, rigunan sanyi su zama a saman kaya, domin za ku bar Orlando da ’yar shara ku sauka shan mai a Virginia cikin iska mai yankan kunne. Kuma ku tsara isa gida ranar Asabar, Lahadi ta zama rarar da za ku ci idan hanya ta rufe.