Yawon ɗanɗana abinci a New Orleans: na ƙaru da kalmomi, na dawo da yunwa

Ƙanena ne ya biya mana kuɗin wannan yawo na awa 3 a tsohuwar unguwar Faransawa ta New Orleans, irin wanda ake zagayawa da mutane a ƙafa ana ba su abinci suna ɗanɗanawa. Hutu na je wurinsa a Houston, Amurka, daga can muka leƙa New Orleans, kuma ban sa ran zan tashi da komai ba sai hotuna. Matar da ta yi mana jagora ce ta sa nake wannan rubutu, wata dattijuwa baƙar fata haifaffiyar garin, wadda ba ta bari ka kai loma baki sai ta gaya maka inda sunan abincin ya samo asali.

A wani ɗan shagon alewa ta saya mana irin tasu ta sukari da ƙwayar pecan, mai shagon ya jefa guda ɗaya a leda bayan an gama lissafi. Jagorar ta ɗaga ta sama ta ce wannan sunanta lagniappe, su kuma "lanyap" suke furtawa. Ta ce kalmar ta taso ne daga harshen Quechua na mutanen tsaunukan Andes, inda ake cewa yapa, Sifaniyawa suka mayar da ita la ñapa, Faransawan Louisiana suka karɓa suka lanƙwasa ta yadda bakinsu ya iya. Ma'anarta ɗan abin da mai sayarwa ke ɗora maka bayan ka biya. Wallahi ban san sanda na ce "gyara!" da ƙarfi ba. Ƙanena ya taɓa ni ya ce, "Yaya, a hankali mana." Matar kuwa tsayar da tafiyar ta yi, ta ce in maimaita. Na gaya mata cewa a wurinmu mai ƙosai ba ta sallamarka sai ta yi maka gyara, in ma ta manta kai da kanka za ka ce ina gyarata. Ta zaro ɗan littafi daga jaka, ta miƙo mini biro na rubuta mata kalmar da hannuna. Na ji daɗin wannan har cikin raina.

Labarin po' boy, wani burodinsu da ake cusa wa nama ko jatan lande, shi ma ya taɓa ni. A 1929 ma'aikatan taragon cikin gari suka shiga yajin aiki, sai Bennie da Clovis Martin, wa da ƙane da suka taɓa yin kwandasta kafin su buɗe gidan abinci, suka riƙa ciyar da su burodi kyauta. Duk wanda ya shigo sai a ce ga wani talakan nan ya zo, wato "poor boy" da Turanci, sunan ya bi burodin har yau. Na jatan lande aka ba ni, kuma ba laifi.

Amma duk sanda na tuna gumbo sai raina ya ɓaci. Wajen yin rajista akwai gurbin rubuta abin da mutum ba ya ci. Ƙanena ya rubuta naman alade, ya kuma buga waya ya jaddada, suka ce babu damuwa. Jagorar ta gama bayanin cewa sunan miyar daga harsunan Bantu na yankin Angola da Kwango yake, ki ngombo, wato kuɓewa, bayin da aka kawo ne suka zo da shi. Har na tuna 'yan'uwanmu na Maraɗi, in sun juya Faransanci gombo suke ce wa kuɓewa. Aka miƙo mini kwano da zafinsa, ƙamshin kamar na gida, na juya cokali sai ga yankakken tsiran alade. Haka na mayar da shi. Jambalaya, wato dafa-dukarsu ta shinkafa, ita ma haka, muffuletta kuwa ba a magana, alade ne hawa-hawa a cikin burodi. Cikin wurare 6 da muka tsaya, 3 kawai na ci wani abu, biyu daga ciki kayan zaƙi ne.

Baiwar Allah ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce ofis bai sanar da ita komai ba, kuma na yarda da ita. Ita kam ta ci kuɗinta da halal. Kamfanin ne ban yafe wa ba: sun karɓi cikakken kuɗi, sun yi alkawari a waya, sun bar ni ina kallon bakin mutane. Saƙon ƙorafin da ƙanena ya tura musu yau kwana 12 ke nan, ko "mun gani" ba su ce ba.