Hunturun farko da sabuwar na'urar ɗumama gida: sharhi bayan dare ɗaya da ban manta ba

Tsohon murhun gas da ke ɗumama gidanmu ya yi shekara 19 yana aiki kafin mai dubawa ya gano tsaga a jikin ƙarfen da ke raba hayaƙi da iskar ɗakuna, ya kuma gargaɗe ni cewa ta irin wannan tsagar ce iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, take kurɗawa cikin gida. Da yake na'urar sanyayawar ma sa'arsa ce, sai na cire su duka, na sa na'ura guda mai aiki biyu, wadda ake kira famfon zafi: da bazara ta kwashe zafin gida ta fitar, da hunturu ta juya ta tatso ɗumi daga iskar waje ta shigo da shi.

Hankalina ya ƙi ɗaukar cewa za a sami ɗumi a iskar da ta kai digiri 15 ƙasa da sifili, sai da na gani da idona. Sinadarin da ke zagaya cikin bututunta yana sauka ƙasa da sanyin waje, ya sha ɗan ɗumin da ke cikin iska, sannan kwamfuresa ta matse shi ya yi zafi. Tunda ɗauko zafin take yi ba ƙirƙirarsa ba, takan ba da ɗumi ninki biyu ko uku na lantarkin da ta ci. Iskar da take hurowa ba ta kai zafin ta murhu ba, amma ɗumin ba ya yankewa, har ɗakin sama da muka saba kwana da bargo biyu ya daidaita. A makonnin farko, duk wanda ya tambaye ni yabo kawai yake ji.

Sai wani dare a tsakiyar hunturu, wajen ƙarfe uku, wata ƙara ta tashe ni kamar ana kaɗa sanda a jikin gwangwani. Na fita da tocila cikin sanyin da ke yanka fuska, na tarar fankar injin waje, wato ɓangaren na'urar da ke wajen gida, tana dukan ƙanƙara, kafin in koma ciki kuma ta tsaya cik. Irin wannan na'ura takan tara raɓar ƙanƙara a jikinta, shi ya sa lokaci lokaci take juya aikinta na 'yan mintoci ta narkar da ita, kuma dole ruwan ya sami hanyar zurarewa. Masu kafawa sun ɗora ta a kan dakali wanda tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, daidai ƙarƙashin bakin rufin da babu indararo. Ruwan narkewa ya daskare a gindinta, na rufi yana ɗigowa daga sama, ƙanƙarar ta yi ta hawa har ta kama fikafikan fanka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ranar da ake aikin na nuna wa shugabansu wurin, na tambaye shi ko ɗigon rufi ba zai yi illa ba. Ya ce, "Maigida, ka kwantar da hankalinka, haka muke sawa ko'ina." Littafin da ya zo tare da na'urar kuwa ya faɗa ƙarara a ɗaga ta sama da inda dusar ƙanƙara ke kaiwa, kada kuma a ajiye ta inda ruwa ke zubowa. Kwana huɗu ina kira kafin su zo, da suka zo kuma suka fara da cewa laifin yanayi ne, garanti bai shafe shi ba, sai da na buɗe musu shafin. A kwanakin jira ruwan ɗumi na riƙa zuba wa ƙanƙarar a hankali maimakon in sare ta, don ƙarafan jikinta sirara ne, sara ɗaya zai iya huda bututu.

Gaskiya gidan bai yi sanyi ba, domin hitar lantarki ta ko ta kwana da ke cikin injin ciki ta karɓi aikin da kanta, sai dai ita ba ta ninka komai, abin da ta ci shi take bayarwa, kuma takardar kuɗin wuta ta nuna hakan. A cikin wannan takardar ce ma na gane wani abin da babu wanda ya sanar da ni: rage lambar ma'aunin da ake saita ɗumin gida da shi da dare a ɗaga shi da yawa da safe, kamar yadda na saba da murhu, yakan tayar da wannan hitar. Yanzu a lamba ɗaya nake barinsa dare da rana.

Daga ƙarshe masu kafawar sun ɗaga injin waje a kan ƙafafun ƙarfe kusan rabin mita, suka yi masa 'yar rumfa, tun daga nan bai sake tsayawa ba. Na'urar zan sake sayenta, amma ba ta hannun waɗannan mutanen ba, waɗanda har yau suke aiko mini saƙo in sa hannu a kwangilar dubawa ta shekara shekara.