Keken ya yi, amma hanyar samunsa sai mai ƙafa

Keken guragun da nake kai yanzu gwamnati ce ta biya kuɗinsa, a ƙarƙashin shirin tallafa wa masu buƙata ta musamman da kayan aiki. Na jima ina amfani da shi, don haka zan iya cewa wani abu a kansa. Keken dai madalla. Wahalar da aka sha kafin ya zo hannu ce ta sa ba zan ce wa kowa ya je kai tsaye ba tare da shiri ba.

Tun da na samu rauni a laka nake kan keke. Na farkon irin wanda ake rabawa a taro ne, girma ɗaya ga kowa, mazauninsa leda ce kawai. Shi ya jawo mini gyambo a ƙugu, kuma duk mai raunin laka ya san gyambon zama ba abin wasa ba ne, tunda ba ka jin zafinsa sai ya riga ya ci ciki. Likitan da ke duba ni ne ya ce in nemi tallafin.

Ofishin cika fom ɗin a saman bene yake, babu gangara, babu lif. Ƙanena ya hau ya sauko mini da takardar. Suna son rahoton likita, katin shaida, hotuna, da takardar tabbatar da nakasa, ita kuma daga wani wurin daban ake karɓo ta. Kafin ta fito, aka ce rahoton likitan ya tsufa, a sake sabo, kamar dai lakar za ta iya haɗewa a tsakani. Wani jami'i ya dubi ƙanena ya ce, "Yana iya sa hannu?" alhali ga ni a gabansa da biro a hannu. Sashe na 9 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu ta 2006 ya yi maganar gine-ginen gwamnati su zama masu shiguwa ga kowa. Da alama ba a karanta shi a wannan benen ba.

Ranar awo ce ta wanke mini zuciya. Ma'aikaciyar ba ta fara da tef ba, da tambaya ta fara: wace irin hanya nake bi, faɗin ƙofar ɗakina, yadda nake hawa gado, ko ina shiga mota. Sannan ta auna faɗin ƙuguna da tsawon cinyata, ta bar tazarar 'yan yatsu tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa don kada ya danne jijiya. Da keken ya iso, sai ta ce, "Malam, jingina sosai," ta nemi izini ta sa hannu ƙarƙashin ƙashin zamana don ta ji ko matashin zaman da ke kan keken yana raba nauyi daidai. Bai yi mata ba, ta sa aka ƙara gyara shi, aka kuma ɗaga matakin ƙafa kaɗan. Ta koya mini sunkuyawa gaba ko gefe a kai a kai don jini ya zagaya, da duba fata da madubi kafin barci. Tun daga nan gyambon bai dawo ba, kafaɗuna ma sun huta saboda tayoyin suna daidai inda hannuna ke kaiwa.

Na san na yi sa'a. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce mutum sama da biliyan 2.5 ne ke buƙatar kayan taimako irin su keke, tabarau ko na'urar ji, kuma kusan biliyan 1 ba sa samu. Amma yin sa'a bai hana ni faɗin inda aka gaza ba, wato gyara. Ƙa'idojin da hukumar ta fitar kan kekunan guragu a 2008 sun sa bibiya da gyara cikin aikin, ba wai miƙa keke a ɗauki hoto ba. Ni kuwa tun da aka ba ni ba wanda ya kira. Da ƙaramar tayar gaba ta fara karkarwa, na buga lambar da ke jikin takardata, aka ce tallafin bai haɗa da kayan gyara ba. Mai gyaran keken hawa ne ya lallaɓa mini ita, matashin zaman kuma ya fara lotsawa, har yanzu ina neman inda zan samu irinsa.

Wanda zai nema, ya fara da takardar tabbatar da nakasa, ya bar rahoton likita a ƙarshe, ya yi kwafin komai. Kada ya karɓi keken da ba a auna shi a kai ba, kuma kafin ya sa hannu ya tambayi wa zai riƙa gyarawa, a rubuta masa amsar.