Wata Tara Ina Shan Sildenafil Saboda Hawan Jinin Huhu

Ranar da likita ya miƙo mini takardar magani na karanta sunan da ke jiki, na ɗauka kuskure ya yi. Na ce, "Likita, wannan ai maganin maza ne." Ya ce, "Hajiya, maganin jijiyar jini ne. Maza dai su suka fara saninsa." Yau watana tara ina shan sa, ƙwaya ɗaya mai miligiram 20, sau uku a rana, kuma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Shekara shida da suka wuce aka gano ina da ciwon hanta nau'in B, ranar da na je ba ƙanwata jini wajen haihuwa. Kafin a gano, hantar ta riga ta fara ƙandarewa, abin da likitoci ke kira sirosis. Aka ɗora ni kan tenofovir, na ci gaba da koyarwa a makarantarmu lafiya lau. Bara ne haki ya fara. Ajina a bene yake, matakala goma sha huɗu, sai na ga ina tsayawa a ta bakwai ina riƙe da ƙarfe, yara na wuce ni suna gaishe ni, ni kuwa amsa gaisuwar ma ta gagara. A wani ƙaramin asibiti na unguwarmu aka ce asma ce, aka ba ni abin shaƙa. Wata huɗu ina shaƙa, ko gezau. Duk sanda aka ɗaura mini abin awon jini a dantse sai a ce lafiya ƙalau yake. Wannan shi ya fi ruɗa mu, don ba mu san cewa awon dantse ba ya ganin hawan jinin da ke cikin huhu ba.

Sai da jiri ya kayar da ni ina shanya a tsakar gida, ƙafafuna kuma suka kumbura takalmi ya daina shiga, sannan likitan hantata ya tura ni hoton zuciya, wanda suke ce wa eko. Hoton ya nuna ɓangaren dama na zuciyata ya buɗe fiye da ƙima. Amma ya ce hoto zato ne kawai. Tabbacin sai an zura siririn bututu ta jijiyar wuya har cikin zuciya an auna matsin jinin kai tsaye. Mun je Abuja saboda wannan, kuma kuɗinsa sai da 'yan'uwa suka yi karo-karo. A mai lafiya awon ba ya wuce 20. Nawa 41 aka samu.

Yadda aka yi mini bayani, jinin da ke tasowa daga hanji ta cikin hanta yake bi a tace shi. In ta ƙandare sai hanyar ta cushe, jinin ya taru, ya nemi ɓarauniyar hanya ya wuce ba tacewa. A wasu mutane, abin da ya ɗauko yakan sa ƙananan jijiyoyin huhu su yi kauri su tsuke, zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi har ta gaji. Ba kowane mai ciwon hanta ke samunsa ba. Cikin ɗari na waɗanda ake dubawa don dashen hanta, wajen biyar ne, kuma ya fi kama mata. Ba ya kuma bin tsananin ciwon hantar. Ni tawa da sauran ƙarfinta, amma ga shi.

To, maganin. Aikinsa shi ne sassauta jijiyoyin nan jini ya samu wucewa. Kamfanin Pfizer ya fara fitar da shi a 1998 da sunan Viagra, a 2005 kuma aka amince da shi a Amurka don hawan jinin huhu da sunan Revatio. Ni ba na Pfizer nake sha ba, na Indiya ne, shi ne aljihuna ke ɗauka.

Makon farko ban ji daɗinsa ba. Ciwon kai ta goshi kamar an ɗaure ni da ɗankwali an tamke, fuska ta ɗau zafi, hanci ya toshe, ga ƙwannafi in na kwanta. Sau biyu na yi haɓo. Na kira likita na ce zan bari, ya ce in ƙara haƙurin kwana goma muddin ba aman jini ko baƙin bayan gida ko jiri mai kayarwa. Kafin mako na uku ciwon kan ya lafa. Toshewar hancin ce har yau ba ta rabu da ni ba, na dai saba.

Sauƙin bai zo da hayaniya ba. Wata rana bayan kamar mako shida na idar da sallar Isha'i, ina lazimi, sai na tuna a tsaye na yi ta tun daga kabbara har sallama. Wata biyar ina sallah a kujera. Na zauna kan darduma na yi kuka, maigida ya shigo a firgice yana tambayar ko jikin ne. A asibiti suna da wani gwaji, a sa mutum ya yi ta tafiya a baranda minti shida a auna nisan da ya ci. Na farko sau biyu na tsaya na jingina da bango. Na wata na huɗu ban tsaya ba ko sau ɗaya, har ma'aikaciyar jinyar ta ce, "Hajiya, yau kam kin ba ni aiki."

Gaskiya ba sildenafil kaɗai ya yi wannan ba, kuma zan zalunci mai karatu in na ce haka. Ina shan furosemide da spironolactone na rage ruwa, na yanke gishiri da dunƙule. Akwai kuma propranolol da na daɗe ina sha don kada jijiyoyin maƙogwarona da ciwon hantar ya kumbura su fashe. Likitan zuciya da na hanta suka yi shawara aka janye shi a hankali, don yana rage wa zuciya kuzari, aka ɗaure jijiyoyin da roba ta hanyar zura kyamara. Wannan ma ya taimaka ƙwarai.

Abin da ya fi ba ni wahala samunsa ne. Mai miligiram 50 da 100 kowane kemis akwai, mai 20 kuwa sai an sha yawo. Sau ɗaya ya yanke mini kwana biyu, hakin ya dawo kamar jira yake. Yanzu da saura kati biyu nake fara nema, kuma ba na karɓa sai na ga lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Sai kuma kallo. Ran farko mai kemis ya dubi takardar, ya dube ni da hijabina, ya ce, "Na Alhaji ne?" ga mutane cike da shago. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata biyu ɗana nake aika. Daga baya na ga ba laifi na yi ba, na koma ina zuwa da kaina, in aka tambaya in ce nawa ne, na huhu ne. Ina tunanin matan da kunyar nan kaɗai za ta hana su sha, kuma abin yana damuna.

Sau uku a rana ma aiki ne. Na haɗa shi da sallah: bayan Asuba, bayan Azahar, sai lokacin kwanciya. Azumin bana ban yi ba. Likita ya hana, na tambayi malaminmu ya ce in ciyar. Ya yi mini ciwo a rai, ba zan ɓoye ba.

Wanda ke da ciwon hanta yana haki, don Allah kada ya karanta wannan ya nufi kemis. Akwai wata matsalar huhu daban da ciwon hanta ke kawowa, inda jijiyoyin buɗewa suke yi fiye da ƙima, iskar jini ta ragu, kuma sildenafil ba maganinta ba ne. Ruwa a ciki ko ƙarancin jini ma suna sa haki. Mai shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sa wa a ƙarƙashin harshe, haɗa shi da sildenafil na iya faɗar da jininsa har ya halaka. In hantar ta yi rauni sosai kuma, maganin yakan daɗe a jiki, shi ya sa likita ne ke yanke adadin. Abin da za a roƙa a asibiti shi ne hoton zuciya.

Bai warkar da ni ba, riƙe ni yake yi. An gaya mini dashen hanta, wanda mutanenmu ke zuwa Indiya ko Masar a yi musu, haɗarinsa na ƙaruwa in awon nan ya haura 35, in ya kai wajen 50 kuwa ba a yi sam. Likita ya ambaci ƙara ambrisentan, wani maganin hawan jinin huhun, in buƙata ta taso, sai dai yana da tsada kuma ba ya haɗuwa da juna biyu. Wata mai zuwa in Allah ya kai mu za a sake zura bututun a ga inda 41 ɗin nan ya koma. Kafin nan dai na koma ajina na bene, ina hawa matakala goma sha huɗun, ina amsa gaisuwar yara a kan hanya.